Sisren da Ba Wanda Ya Shuka

A garinmu ba a shuka sisre, tofar da shi ake yi. Mutum ya tsotse ɗan itacen nan ja ƙarami, ya bi ta wani lungu mai inuwa da laima, ya tofar da ƙwallon yana kallon wani gefe, ya wuce abinsa. In ya tsiro, sai a ce tsuntsu ne ya kawo. Tun muna yara muke jin cewa duk wanda ya sa ƙwallon sisre a ƙasa da hannunsa ba zai ga ranar da 'ya'yansa za su yi ja ba. Ba a taɓa nuna mini kabarin wanda hakan ta faru da shi ba, amma kuma ban taɓa ganin wanda ya gwada ba, sai ubana.

Daa Nukpo ke nan. A gonar kwakwar manja ya ƙare ƙarfinsa yana tatsar bammi, kuma mutum ne da in ka ce masa ga hanya, to ranar nan ta jeji zai bi. Ni ce 'yarsa ta biyu, Sesi mai agidi. Mutane na cewa halina irin nasa ne. Sharri suke yi mini, ni nakan saurari mutum kafin in ƙi.

Da muna da sisre guda ɗaya a garin, tsoho, a bakin rafi, ya fi mutum tsawo. Masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawa wuta, ta cinye shi har saiwa. A shekarar ne kuma asibiti suka ce Nana, uwarmu, tana da ciwon sukari. Nana kuwa mace ce da ba ta shan koko sai sukari ya kai mata har kunne. Aka hana ta. Sai ta riƙa zama gaban kwano tana juya ludayi, ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ture. Kafin a ankara zanenta ya fara zagaye ta har da saura. Kowa ya san abin da ke gyara wannan: ka tsotsi sisre ɗaya, ko lemun tsami ka sha bayansa zuma ne a bakinka. To amma ina sisren?

Daa ya hau acaba, ya shiga kwale-kwale, ya haye kogi wurin yayarsa, Tanyi Alugba, wadda take da shi a bayan ɗakinta. Ya dawo da cikin tafi guda ƙunshe a ganye. Ranar nan Nana ta sha koko kwano biyu a zaune a gindin ayaba, inda take son zama saboda sanyin wurin, tana ta dariya. Sai dai sisre ba ya ajiyuwa, kwana biyu ya yi baƙi ya lalace, hanyar kuma ba ta zuwa kullum ba ce.

Tana tsotsa Daa na tsaye a kanta da hannu a buɗe.

"Miƙo ƙwallon."

"Me za ka yi da shi?"

"Ke dai miƙo."

Ya wanke su tas, ya shanya a kan kwanon rufi har suka bushe ƙayau, ya cuɗa su da toka ya ɗura a kwalba ya toshe, daidai yadda muke yi wa irin wake da na barkono. Lokacin rani ne. Muka ɗauka wani magani zai haɗa, ba wanda ya tanka.

Da babbar damina ta sauka, da rana tsaka, kowa na gani, ya ɗauko kwalbar ya zagaya bayan madafa. Ya yi kunya guda tun daga fili har zuwa gindin ayaba, inda nake zubar da ruwan gasara. Ya riƙa dasa yatsa a ƙasa yana saka ƙwallo, yana kafa tsinke a kan kowanne. Nana ta fito da gudu, ko ɗankwali babu.

"Uban Segla! Me kake yi haka?"

"Shuka. Ba ki taɓa ganin ana shuka ba?"

"Wa ya aike ka? Na ce maka ina so?"

"Bakinki bai ce ba, wuyanki ya ce. Dubi ƙasusuwa. Ni na ci zamanina. In ya yi ja kya sha kokonki, ki ce Allah ya jiƙan mai taurin kai."

Nana ta zube a wurin ta fasa kuka irin na gidan mutuwa. Yayana Segla ya dawo daga gona ya tarar an gama. Ni kuwa na faɗa wa Daa duk abin da ke bakina, ya saurara yana wanke hannu, da na gama ya tambaye ni ko akwai sauran agidi.

Duk kunyar nan guda ɗaya ne ya fito, can ƙarshe, a cikin busassun ganyen ayaba, kamar taki biyu daga tsinken ƙarshe. Daa ya ce ruwan sama ne ya gangarar da ƙwallon. Kai, ban taɓa ganin tsiro mai nawa irin wannan ba. Shekara ta zagayo bai kai tsawon ludayi ba. Daa ya ce inuwa ce ta danne shi, a sare ayabar. Na ce ganyen da nake ƙunsa agidina? Sai dai a fara sare ni. Aka bar ayaba. A hankali ya yi rassa, ganye kore shar masu sheƙi, har ya kawo mini ƙugu. Mu kuma muka saba da shi kamar yadda ake sabawa da ciwon da ba ya tashi kullum. Daa na nan garau, yana ci yana faɗa.

Sai ya yi fure, ƙanana farare a jikin rassa. Daa ya kira maƙwabta suka gani. Washegari babu ko ɗaya. Ya ce kaji ne. Da ya sake yi suka sake ɓacewa, ya ce tururuwa ce, daga baya ya ce akuyar Segla ce, har suka yi kwanaki ba sa magana. Daga nan ya ce yunwa ke damun iccen, ya riƙa kwaso tokar murhu yana tula masa a gindi.

Ni na san kazar. Wata safiya na fito da wuri zan kai niƙa, na hangi Nana a durƙushe gaban iccen. Ciwon ya riga ya taɓa mata ido, da lalube take bin rassan, tana tsinke furen ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a bakin zane. Ta ji motsina ta juyo. Lissafinta mai sauƙi ne: in bai yi 'ya'ya ba, ba ranar da za a ce mijinta bai gani ba. Na wuce injin niƙa ina share hawaye, mai injin ya ɗauka mijina ne ya ɓata mini rai.

Da furen ya sake fitowa Daa ya yi masa shinge da ganyen kwakwa, ya ɗauko kujerarsa ya dasa a wurin. Nan yake wanke baki, nan yake cin abinci, tun kafin zakara ya sauko yana wurin da sanda. Nana ta yi ta kewaye, babu hali. Furen ya yi duhu ya zube da kansa, a gurbinsa ga 'yan ƙananan 'ya'ya kore sun fito birjik. Daa ya yi rawa a tsakar gida, da idona na gani.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da shi, da tari.

Zazzaɓi ne irin wanda kowa ke yi da damina. Amma shi da ya kwanta sai ya dubi rufi ya ce, "To, ga ta nan ta zo, ba ta yi latti ba." Segla ya kawo malamin asibiti, ya duba shi ya ba da ƙwayoyi. Daa ya tura su ƙarƙashin tabarma.

"Wannan maganin zazzaɓi ne. Ni kuwa ba zazzaɓi ke damuna ba."

Ya ba Segla addarsa. Ya aika wa maƙwabcinmu rediyonsa. Ya nuna inda yake so a haƙa masa. Abinci kuwa ya ce ɓarna ce a ba wanda ke kan hanya. Na dama koko, na yi miyar kuɓewa da busasshen kifi, na yi lallashi, na yi zagi, duk a banza. Mutumin da muryarsa ke kaiwa bakin rafi, sai ka sunkuya kafin ka ji abin da yake cewa. Can bayan madafa kuwa 'ya'yan nan sai girma suke yi, kullum na je zubar da ruwa sai in duba ko wani ya fara canza launi.

Segla ya ɗauki addar da aka ba shi ya hau wasawa a dutse. Daa ya ji ƙarar daga ɗaki.

"Segla."

"Na'am, Daa."

"Wanda ya taɓa iccen nan ban yafe ba, ko ina cikin ƙasa. Da raina na saye shi, na uwarku ne."

Nana na bakin ƙofa ta ce, "Ni kuma na rantse ba zan sa shi a bakina ba."

"To ki ba kaji, ai sun saba."

Na dubi Segla, wanda nake kira Fofo, wato yaya, na ce, "Fofo, ajiye addar nan kafin in kwaɗa maka muciya." Ba don na san abin yi ba, haushin kowa nake ji, har da iccen. Na ari wayar maƙwabta na aika wa Tanyi Alugba cewa in tana son ganin ƙanenta da rai ta taho.

Ta iso a bayan acaba, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, ba haƙori ko ɗaya a gaba, da sanda da kwando. A cikin kwandon akwai kaza, da reshen sisre mai jajayen 'ya'ya naɗe a jiƙaƙƙen ganye, tsarabar Nana. Ko ruwa ba ta sha ba ta shige ɗakin.

"Nukpo, kai ne za ka riga ni? Ni na goya ka fa. Ba ka da kunya?"

"Yaya, ba laifina ba ne. Sisre na shuka."

Ya faɗe shi ne da wata irin taƙama, kamar wanda ya kashe ɓauna. Ashe duk shekarun nan ya ɓoye mata, don ya san bakinta. Tanyi ta juyo wurina. Ta ce mini, "Kai ni in gan shi."

Ta tsaya gaban iccen ta daɗe tana kallo. Ta kama wani ganye na ƙasa da ya yi ruwan ɗorawa.

"Wane maƙiyin ne ya tula masa toka?"

"Daa ne."

"Ai na sani, tambaya ce kawai." Ta hau ture tokar da sanda. "Toka guba ce a wurinsa. Shi ƙasa mai tsami yake so, da ruɓaɓɓen ganye." Ta damƙo ƙasa ta sansana. "Me ake zubarwa a nan?"

"Ruwan gasarata."

"To ke kika raya shi, da ayabar nan. Rana kaɗan, inuwa kaɗan, ƙasa da laima amma ruwa bai kwanta ba, abin da yake so ke nan. Da a fili yake da tuni ya ƙone." Ta yi ajiyar zuciya. "Ya ƙare dai. Yaushe ya shuka shi?"

"Farkon babbar damina, shekarar da ya je wurinki."

Ta juyo ta dube ni. "Ai da rani ya zo wurina."

"Eh, ajiye irin ya yi."

"Ya ajiye a ina?"

"A kwalba, da toka. Sai da ya shanya su a kan rufi suka bushe sarai tukuna."

Tanyi ta nemi kujerar Nana ta zauna. Sai na ga kafaɗunta na girgiza. Na ɗauka kuka ne, na matsa zan riƙe ta, ashe dariya ce. Ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, tana buga sanda a ƙasa. Raina ya ɓaci. Na ce, "Tanyi, ƙanenki na ciki yana mutuwa, mene ne abin dariya?" Ta kama zanena ta miƙe, ta ce in kira kowa.

Muka cika ɗakin, ni da Nana da Segla. Tanyi ta zungure shi da sanda a ƙafa.

"Tashi, sakarai. Ba ka shuka komai ba. Gawa ka binne."

Daa ya buɗe ido.

"Kai ka ɗauka wake ne? Ƙwallon sisre in ya bushe ya mutu. Ko a inuwa ka bar shi ya kwana biyu sai addu'a, balle a kan kwano da rana, balle wata da watanni cikin toka. Me ya sa kake gani ana tofar da shi daga baki da yawunsa? Danye yake shiga ƙasa ko kuma bai shiga ba. Ko yaron goye a garinmu ya san wannan."

"To wancan na bayan madafa aljani ne ya shuka shi?"

Tanyi ta juya wurin Nana. "Matar ƙanena, ranar da ya kawo miki, a ina kika zauna?"

"A gindin ayaba."

"Duka kika miƙa masa ƙwallayen?"

Nana ta ɗora hannu a baki. "Na farkon... ai ban jira ba. Daɗi ya ɗauke ni, na tofar kafin ya ce in miƙo."

"To ga uwar icce nan. Ya faɗa cikin ganye, ruwan Sesi na jiƙa shi, ya tsiro a ɓoye abinsa. Kai kuma ka zo da tsinkayenka ka ce naka ne."

Ni dai ji na yi kamar an sauke mini tulu daga ka. Segla ya ce, "Allah mun gode!" Nana ta fara kuka. Muka dubi Daa muna jiran ya yi murna. Ina! Mutumin nan da ko kai ba ya iya ɗagawa sai ga shi ya dafa bango ya tashi zaune, idanu jawur.

"Ƙarya ne! Ni na shuka shi! Shekara nawa ina wahala da shi, yau ki zo daga hayin kogi ki ce tofin mace ne? Tun muna yara haka kike, ba kya so a ce na yi abu."

"Ka yi abu mana, ka shanya gawa."

"Irin da aka adana da kyau ba ya mutuwa. Ni manomi ne!"

"To ga 'ya'ya na kawo. Mu tsotse. Ka ɗebi rabin ƙwallayen ka yi musu irin naka adanin ka shuka, rabi kuma su tafi yadda aka saba. Mu gani."

Nana ta ce, "A'a, Tanyi, kar ya sake sa hannu!"

Daa ya ce, "Mutuwa biyu za a yi mini? Kawo."

Tanyi ta tattara zanenta za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa. "Amma fa sai an yi makonni kafin a ga tsiro. In ka mutu kafin nan ni na ci gardama, kuma a gaban gawarka zan faɗa wa mutane."

Daa ya bi ta da harara har ta fice. Sai muka ji muryar da muka kwana biyu ba mu ji ba.

"Sesi! Ina kokon nan? Ki ɗaga tabarma ki miƙo mini ƙwayoyin banzan nan."

Na taɓa yin gudu a rayuwata, amma ban taɓa yin irin na ranar ba.

Tanyi ta yanka kazarta aka yi masa farfesu, ta ce ba inda za ta sai ta ga ƙarshen magana. Daa ya sa Segla ya hau ya shanya masa nasa ƙwallayen, yana daga ƙasa yana ba da umarni a jingine da bango. Da suka bushe yadda yake so ya cuɗa da toka, ya yi sabuwar kunya a fili, ya shuka da tsinkayensa. Namu kuwa tun ranar farko muka gama. Ni da Tanyi da Nana muka bi ta bayan ayaba a jere, kowa da abu a baki, muna hirar tsadar kifi, muna kallon sama. Daa ya ce bai taɓa ganin munafunci irin wannan ba. Tanyi ta ce ita ba ta san zancen da yake yi ba, wucewa kawai ta yi.

Kullum da safe sai ya dogara sanda ya je ya ba kunyarsa ruwa. Daga baya ya daina ɗaukar sandar. Zazzaɓi ya tafi, tari ya lafa, ya ce lafawar kafin tafiya ce, amma ya aika a karɓo masa rediyonsa. Shi da Tanyi kuwa daga safe har yamma suna abu ɗaya, har tsohon zancen wata akuya da ta ɓata tun suna yara sai da suka tono. Ni dai ina ta ɗura masa abinci, ina kuma leƙa koren 'ya'yan nan. Gaskiya tsoron bai sake ni ba. Idan fa tsohuwar nan ta yi kuskure? Idan ko ɗaya ya fito a kunyarsa, na san ranar zai koma ya kwanta, kuma ba mai sake tayar da shi.

Wata safiya na je zubar da ruwan gasara, sai na ga wani abu ya ɗago busasshen ganye. Na durƙusa. 'Yan tsirrai ne, sirara, da ganye biyu-biyu masu ɗan ja-ja, nan ɗaya, can ɗaya, har da wanda ya fito a jikin tushen ayaba. Na ƙwala kira. Kowa ya zo ya gani. Daa ya duba, ya wuce kunyarsa. Babu komai sai ciyawa. Ya ce nasa masu nauyi ne, a ba su lokaci. Aka ba su. Namu suka ƙara ganye, nasa shiru.

Ranar da ya gaji, da kansa ya tsuguna ya tona gindin tsinke ɗaya da yatsa. Ya ciro ƙwallon, ya matsa, ya ruguje a hannunsa, baƙi, ba komai a ciki. Ya tona na biyu, haka. Ya bi kunyar nan duka. Sannan ya zauna a ƙasa ya kakkaɓe hannu.

"To," ya ce.

Na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata, irin wanda ke wanke ciki. Segla ya rungume akuyarsa don ita ce kusa da shi. Tanyi ta ce, "Ban ji ba, me ka ce?"

"Na ce irin da kika ba ni ne ba shi da kyau."

"Allah ya shirye ka, Nukpo."

Ba a yi nisa ba ɗan sisre na farko ya nuna a jikin iccen. Nana ce ma ta gano shi, da idon nan nata, ja wur a cikin kore. Na kawo koko mai tsami sosai, wanda ya kwana, ba ko ƙwayar sukari. Muka taru a gindin ayaba. Daa ya daɗe tsaye yana kallon ɗan jan nan, ya kai hannu ya taɓa shi, ya kuma taɓa ƙirjinsa kamar mai duba ko yana nan. Sai kuma halin ya motsa.

"Ko ba ni na shuka ba, ni na yi gadinsa. Da ban zauna a nan ba da kajin nan sun sake cinye furen."

Nana ta ce, "Ba kaji ba ne."

"Akuyar ce ke nan, na faɗa."

"Ni ce."

Ya juyo a hankali.

"Ni nake tsinke su, da sassafe, kafin ka tashi."

"Duk furen nan? Da wane idon?"

"Da lalube."

"Kina ta shan tsami, ga abu a bayan ɗakinki, kina zubar da shi da hannunki?"

"Tsami zan iya sha, uban Segla. Zaman gidan nan ba kai ne ba zan iya ba."

Tanyi ta sunkuyar da kai tana zane a ƙasa da sanda. Daa ya juya ya tsinko ɗan sisren, ya miƙa wa Nana. Ta karɓa, ta lalubo haɓarsa, ta tura masa a baki.

"Kai za ka fara. An ce ba za ka gani ba, to ina so in ga ka sha."

Ya tsotsa, ya juya shi a harshe. Na miƙa masa ludayi ya kurɓi kokon. Hawaye na bin kumatunsa ya dube ni ya ce, "Sesi, ba na hana ki cika sukari ba?"

Muka fashe da dariya, har da Nana tana share fuska. Muna cikin dariyar ne na ga ya tofa ƙwallon a tafin hannunsa, ya sunkuya yana dube-duben wuri mai laima, yatsansa har ya miƙe.

"Daa!" ni da Segla muka faɗa tare.

Nana kuwa hannun ta make masa, ƙwallon ya yi tsalle ya faɗa can cikin ganyen ayaba. Mu duka muka ɗaga kai muna kallon sama, har shi.